Gadon da 'Yan Hipi Suka Bar wa Tsibirin Ibiza

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi tsokaci a kan Ibiza, tsibirin ƙasar Sifaniya da ke cikin Bahar Rum, saboda duk lokacin da aka ambace shi sai zance ya tsaya a kan gidajen rawa da jiragen ruwan attajirai, a manta da mutanen da suka buɗe ƙofarsu tun farko.

A shekarun 1960 Ibiza tsibiri ne na manoma da masunta da masu aikin gishiri. A lokacin ne matasan da ake kira 'yan hipi suka fara sauka daga Amurka da ƙasashen Turai, wasunsu suna gudun kada a tura su yaƙin Biyetnam, wasu kuma sun ƙosa da rayuwar tara abin duniya da suka taso a cikinta. Janar Franco yana kan mulkin kama-karya a Sifaniya har zuwa 1975, amma tsibirin yana nesa da idon Madrid. Manoman suka ba baƙin hayar tsofaffin gidajen gona a kan kuɗi ƙalilan, gidajen da galibi babu lantarki babu ruwan famfo, kuma duk da cewa dogon gashi da suturar baƙin sun saɓa wa al'adarsu, sun kawar da kai sun zauna da su lafiya. A ƙauyen Sant Carles har yau ana ganin akwatunan wasiƙu na katako a Bar Anita, inda baƙin suke zuwa karɓar saƙo daga gida. Wannan haƙurin na manoma shi ne ya fi burge ni a dukkan labarin, kuma shi ne aka fi yin shiru a kansa.

Ba na musun cewa baƙin sun bar abin kirki. Sun zo da sana'ar hannu ta fata da azurfa da ɗinki, wadda ta haifi kasuwar Punta Arabí a 1973 da ta Las Dalias a 1985, kuma a 1991 an taru a gaɓar Benirràs ana kiɗan ganguna domin nuna ƙin yaƙin Tekun Fasha. Sai dai sun kuma bar gadon shaye-shayen miyagun ƙwayoyi, wanda tsibirin bai rabu da shi ba. Abin da ya fi damuna kuwa shi ne yadda 'yan kasuwa suka mai da sunan mutanen da suka gudo daga son kuɗi ya zama hajar sayarwa. Gidan rawa na Pacha ya buɗe a 1973 a cikin wani gidan gona, yau kuwa ana tallata “'yanci” da “sauƙin rayuwa” ga wanda aljihunsa ya cika kaɗai.

Mazauna tsibirin ba su kai dubu 200 ba, amma masu yawon buɗe ido fiye da miliyan 3 ne ke zuwa yankin a shekara. Ruwan sha sai an tace na teku. Kuɗin haya ya yi tashin gwauron zabo har malaman makaranta da ma'aikatan jinya da 'yan sanda suna gudun a tura su can, ma'aikatan otal kuma wasunsu a cikin mota ko tanti suke kwana. A watan Mayun 2024 mazauna suka fito zanga-zanga, kuma a 2025 hukumomin tsibirin suka fara ƙayyade yawan motocin baƙi a lokacin zafi. Cikin masu fama da wannan tsadar har da jikokin manoman da suka ba da hayar gidajensu, waɗanda da yawansu ba sa iya kama ɗaki a ƙauyen da aka binne cibiyarsu.

Na gode.

Naku,
Wani mai karanta jaridarku