Agogon zamani na da amfani, amma ba ya maye gurbin likita

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon fili a jaridarku domin in yi magana kan agogon zamani da ake haɗawa da wayar salula, wanda ya fara yawa a hannun matasa a nan Yamai. Amfaninsa a bayyane yake: yana nuna kira da saƙo ba tare da mutum ya zaro waya a cunkoson kasuwa ba, yana ƙirga taku, kuma koren hasken da ke bayansa yana auna bugun zuciya. Tun 2018 agogon Apple ya fara ɗaukar awon zuciya da zai iya nuna alamar rikicewar bugunta.

Damuwata tana kan masu araha da ake tallatawa da cewa suna auna sukarin jini. A watan Fabrairun 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa ba ta amince da wani agogo da ke auna sukari ba tare da huda fata ba. Dattijo mai ciwon sukari da ya dogara da irin wannan awo har ya rage magani yana iya jefa rayuwarsa cikin haɗari, kuma sau da yawa ƴaƴansa ne suka saya masa da kyakkyawar niyya.

Akwai kuma batun caji, domin da yawansu ba sa wuce kwana ɗaya ko biyu, ga yawan ɗaukewar wuta a lokacin zafi. Ina kira ga hukumomin lafiya su wayar da kan jama'a ta rediyo, ƴan kasuwa kuma su daina yi wa agogon tallar da ta wuce ƙarfinsa.

Naku,
Mai karatu daga Yamai