Binciken likitocinmu ya daina ƙarewa cikin kabad

Malam Edita, assalamu alaikum, da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka, ya aiki ya zafi.

Dan Allah ka ɗan ba ni fili in yi magana kan wani abu da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Duk shekara a jami'ar Abdou Moumouni nan Yamai ɗalibai na likitanci da na farmasi da masu karatun tsirrai suna kare tez ɗinsu, wato kundin binciken kammala karatu, a sa riga a ɗau hoto a ci kaji, dangi su zo tun daga Tawa da Damagaram, malamai su ce aiki ya yi kyau. Da yawa cikin ayyukan nan kan itatuwanmu ne, sabara, bagaruwa, zogale, marke, an jiƙa an tace an gwada a labo an ga wani abu na motsi. To daga nan fa? Kwafi ɗaya laburare, ɗaya gidan baba, shi kenan. Shi kuma yaron ya shiga neman kwantaragi a wani furoje inda zai riƙa cika takardu. A gefe guda ga masu lasifika a bakin kasuwa da tasha suna sayar da gora ɗaya wai tana maganin basir da taifot da sanyi da ciwon suga duk a haɗe, kuma wallahi su ke ciniki.

Ra'ayina shi ne a buɗe wa masu bincikenmu hanya su kafa ƙananan kamfanoni da abin da suka gano, amma da sharaɗi rubutacce tun ranar farko. Na san akwai malaman da ke jin kunyar maganar kuɗi, wai ilimi ba haja ba ne. Ina girmama su, amma magani ba ya isa bakin mara lafiya sai wani ya sarrafa shi da yawa, ya zuba a kwali, ya nemi izini, ya kai farmasi, kuma wannan ba aikin farfesa ba ne shi kaɗai a ofishinsa.

Mu ɗauki abin da kowace uwa ta sani a ƙasar nan, Plumpy'Nut na yara masu tamowa. Meye a ciki? Gyaɗa, sukari, mai, garin madara da sinadaran ƙarin lafiya, ƴar leda mai giram 92. A 1996 wani likitan Faransa André Briend na IRD, cibiyar bincike ta gwamnatin Faransa, ya haɗa kai da Michel Lescanne mai kamfanin Nutriset suka fito da shi, suka yi rajistar mallakarsa. Dabarar ita ce babu ruwa a ciki, ƙwayoyin cuta ba sa yaɗuwa, ba ya son firigo, uwa za ta iya ba ɗanta a gida ba sai an kwantar da su ba. Amma ina duniya ta tabbatar yana aiki sosai? A nan, lokacin yunwar 2005, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi wa yara sama da 60,000 magani a shekarar, akasari a jihar Maradi. Gyaɗa mun san ta tun kakanni, tunkuza da ƙuli-ƙuli ba baƙinmu ba ne, yaran namu ne, amma takardar mallaka Faransawa suka riƙe ta. Kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Ban ce sun yi sata ba fa, sun yi tunani ne sun kuma ceci rayuka, kuma alhamdu lillahi kamfanin STA nan Yamai yana yin shi da lasisinsu, ƴan ƙasa na samun aiki. Abin da nake so mu lura shi ne binciken gwamnati ne ya haɗu da ƙaramin kamfani, sannan aka samu babban mai saye irin su UNICEF. In ɗaya cikin ukun nan ya ɓace babu abin da zai tashi.

Mu kuwa na farkon kawai muke da shi, shi ma da ƙyar. Muna da CERMES da ta daɗe tana aiki kan sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro, muna da LANSPEX mai gwada ingancin magani, akwai cibiyar masu emasi wato ciwon sikila, akwai CIPMEN da ke renon ƙananan kamfanoni. Amma ka tambayi ɗalibi ko ma malaminsa, in kun gano wani abu na wa ne, naka ne ko na jami'a ko na baturen da ya biya kuɗin sinadaran gwaji, za ka ji amsa kala uku. Amurka ta raba wannan gardamar tun 1980 da dokar da ake kira Bayh-Dole, wadda ta ba jami'o'i damar mallakar abin da aka gano da kuɗin gwamnati, su ba kamfani lasisi, a kuma ba mai binciken kasonsa. Ba sai mun kwafi tasu ba, amma mu ma a rubuta mana tamu a fili. Kuma ƙofar rajista na nan, Nijar tana cikin OAPI, ƙungiyar rajistar mallakar fasaha ta ƙasashen Afirka mai hedikwata a Yawunde, takarda ɗaya ta kare ka a ƙasashe 17 har shekara 20. Sai dai yara da yawa ba su san cewa in ka riga ka baje sirrin aikinka a mujalla ko a taro kafin ka ajiye takarda, galibi damar ta tafi ba. Wa ke gaya musu? Babu kowa, malamin ma gaggawar wallafawa yake don a ƙara masa girma.

Sai maganar kuɗi, nan ne abin ke ba ni dariya mai ciwo. A shirya gasa a babban otel, a kira ƴan jarida, a miƙa wa yaro ƙaton kwali mai siffar cek na miliyan ɗaya ko biyu na sefa a ce ya je ya zama ɗan kasuwa. Haba jama'a. Wannan kuɗin na iya tada mai yin jus ɗin bisap, amma magani? Sai an gwada ko yana da guba, a gwada kan mutane kaɗan, a gwada kan masu yawa, a tabbatar kwalbar yau da ta baɗi ƙarfinsu ɗaya, shekaru ake ci ba a sayar da ko ƙwaya ba. BioNTech da kowa ya ji sunanta lokacin korona, likitoci ne mata da miji Özlem Türeci da Uğur Şahin da abokin aikinsu suka kafa ta a 2008 a garin Mainz na Jamus, wasu attajirai ƴan uwan juna suka zuba kuɗi masu yawa suka zauna jira, sai a 2020 ta fitar da kayanta na farko a kasuwa. Alhazanmu da ke da manyan shaguna da tireloli wa zai jira shekara 12? Bankunanmu kuwa sai ka kawo takardar gida. Ni ban ce mu fara da allurar rigakafi ba, mu fara da abin da ƙarfinmu zai kai: abincin yara daga gero da wake da zogale, man shafawa, maganin tari, kayan gwaji masu sauƙi. Mali na da Balembo na tari, Burkina na da FACA na masu emasi wanda aka haɗa har da tumfafiya, tumfafiyar nan da ke cike da bayan garinmu.

Yanzu ga sharaɗin da nake ta faɗa, kuma shi ne ainihin dalilin wasiƙar nan. A Abuja cibiyar binciken magunguna ta NIPRD ta ɗauki haɗin wani mai maganin gargajiya ta inganta shi ya zama Niprisan na masu emasi, akwai masoro da kanumfari da karan dafi a ciki. A 2002 aka ba wani kamfanin Amurka mai suna Xechem lasisi shi kaɗai, a 2006 aka ƙaddamar da maganin da sunan Nicosan da babban biki, a 2008 kamfanin ya durƙushe da bashi, magani ya ɓace daga kasuwa, iyayen da yaransu suka saba da shi suka rasa inda za su sa kansu, an ɗau shekaru kafin wani kamfani ya sake karɓa. Kamfani na iya mutuwa, ƙananan ma sun fi mutuwa fiye da rayuwa, don haka dole takarda ta ce in ka kasa fitar da kaya cikin lokaci kaza lasisi ya dawo hannun jami'a nan take, kuma hanyar haɗa maganin tana ajiye a wajenta.

Haka farashi. Allurar sanƙarau ta MenAfriVac da aka fara yi mana a 2010 tare da Mali da Burkina, tun kafin a ƙera ta aka tsayar cewa kar ta wuce rabin dalar Amurka, wajen sefa 250 a lokacin, aka nemi wanda zai yarda, kamfanin Serum Institute na Indiya ya karɓa, kuma nau'in sanƙarau na A da ke kashe mu duk rani ya kusan ɓacewa. To in an yi bincike da harajin talaka, a rubuta nawa za a sayar wa likitar gwamnati. A rubuta kason bokan ko ungozomar da ta nuna itacen, don yawancin tez ɗin nan daga bakinsu aka fara. Gwaji kan mutane kuma sai da izinin kwamitin ɗa'a da yardar mutum cikin harshen da yake ji, ba wanda ya manta abin da ya faru da yaran Kano a 1996 da maganin Trovan da aka gwada a kansu.

Sannan gwamnati ta zama mai saye. In kayan ɗan ƙasa ya ci gwajin inganci, ONPPC, hukumar da ke saya wa gwamnati magunguna, ta ware masa wani kaso cikin odarta ta kuma biya kan lokaci, da wannan takardar odar ce kaɗai zai iya tunkarar banki ko wani alhaji.

Malam Edita roƙona gare ka, ka tura wakilinka jami'a da ma'aikatar ilimi mai zurfi da ta kiwon lafiya ya tambaye su, bincike nawa na fannin lafiya aka yi wa rajistar mallaka da sunan cibiyoyinmu, nawa ne ya kai kasuwa, kuma malamin da ke cin albashin gwamnati an yarda ya riƙe hannun jari a kamfanin da ya fito daga labonsa ko ba a yarda ba. Duk amsar da suka bayar ka buga mana ita yadda take.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naka mai karatu kullum,
wani ma'aikacin farmasi, Yamai