Gaisuwar Babbar Sallah daga Detroit, da amsar tambayar Auta

Detroit, 11 ga Zulhajji

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Hajiya, barkanmu da Sallah. Allah ya maimaita mana, ya karɓi layyarmu da taku, ya jiƙan Baba da rahama. Ina fatan ciwon gwiwar nan ya lafa, kuma ba ki biye wa aikin suya kin wuni gaban kasko ba, tunda ga Auta ga matan su Yaya. Jiya da muka yi waya hayaniyar yara ba ta bari mun ji juna ba. Ga shi awa biyar ce tsakaninmu, lokacin da muke saukowa daga Idi ku kun yi azahar, hanta ma ta daɗe da shiga ciki. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta, a karanta miki a tsanake.

Mu ma mun yi layya, alhamdulillahi, sai dai irin ta nan. Ba a kayar da rago a ƙofar gida. Gona ake tafiya can bayan gari, a karɓi lamba a bi layi, mu da Yamalawa da 'yan Bangaladash da 'yan Sanagal, kowa na jiran a kira shi. A nan ake yankawa a feɗe a sassara, mutum ya dawo da namansa cikin kula. Babu ragon da zai kwana a rataye. Kai da ƙafa ma sai ka buɗe baki ka ce kana so. Maman yara ta ce ita abin da ya fi damunta shi ne a wayi gari ranar Sallah unguwa babu ƙaurin babbaka.

Amma kada ki ɗauka cikin kaɗaici muke. Unguwarmu tana jikin wani ɗan ƙaramin gari da ake kira Hamtramck, wanda Detroit ta kewaye shi. Da can garin 'yan Folan ne masu aikin ƙera mota, yanzu Musulmi sun cika shi. Tun 2004 majalisar garin ta yarda a riƙa kiran salla da lasifika, a zaɓen 2021 kuwa magajin gari da kansiloli duka Musulmi aka zaɓa. Ina jin kiran salla daga bayan gidana, Hajiya, a tsakiyar Amurka.

To, sai maganar Auta. Ta ga hoton da na ɗora ɗazu ta turo min cewa, "Yaya, wannan burodi ne ko kek ne ya ƙone muku?" Auta, ba ko ɗaya. Piza ce, irin ta mutanen Detroit, kuma baƙi-baƙin da kika gani a gefe shi ake rububi. Ƙanzo ne, Hajiya. Abin da muke kankarewa a gindin tukunya a jiƙa, su nan shi suka ɗauka suka naɗa masa sarauta, sai dai nasu na cuku ne da ya narke ya gangara jikin tire ya soyu. Ɗazu mai sunan Baba da ƙanwarsa har da kuka a kan wa zai ɗauki yankan kusurwa, don shi ne mai ƙanzo ta gefe biyu. Ba su kaɗai ba ne: akwai wani kamfanin piza a nan, Jet's, da ke sayar da ƙanana biyu a kwali ɗaya, don yanka takwas ɗin duka su zama na kusurwa.

Wanda ya koya min wani dattijo ne maƙwabcina, baƙar fata, ya yi ritaya daga aikin ƙera mota. Katangar waya ce kawai tsakanin bayan gidansa da nawa, ta nan muke hira. Shi ya ba ni labarin asalinta. A 1946 wani mutum mai suna Gus Guerra yana da wurin shaye-shaye da abinci, Buddy's Rendezvous, a mahaɗar titin Six Mile da titin Conant, ya fara gasa piza mai kusurwa huɗu, da kwaɓi mai kauri irin na mutanen tsibirin Sisili na Italiya. Labarin da mutanen gari ke bayarwa shi ne tirelolin da ya yi amfani da su ba na girki ba ne, na masana'antar mota ne, waɗanda ma'aikata ke zuba noti da ƙananan ƙarafa a ciki. Ƙarfe ne mai kauri, mai zurfi, bakinsa ya ɗan buɗe, yana riƙe zafi. Wurin yana nan har gobe, kuma wannan titin Conant ɗin shi ne wanda nake bi in sayo nama a shagunan 'yan Bangaladash. Shekaru da yawa mutanen nan "mai kusurwa huɗu" kawai suke ce mata. Sai bayan da wani ɗan yankin, Shawn Randazzo, ya ci gasar masu piza ta duniya a Las Vegas a 2012 sauran Amurka suka farga da ita.

Dalilin da ya sa na kawo wannan tarihin, Auta, don ki cire wa ranki cewa sai mai obin na miliyoyi ke yin piza. Abincin leburori ne, da abin da ke hannu aka fara shi. Ni kaina a kan gawayi na yi ta yau. Bazara ce a nan, rana ba ta faɗuwa sai wajen tara na dare, wanda ya kunna obin a cikin gida ya gasa iyalinsa tare da abincin. Ga kuma garwashi an riga an hura don tsire. Ke da kika iya gasa kek da tukunya da yashi, wannan ba zai gagare ki ba. Ɗauko biro.

Tire shi ne farko. Nasu babba inci 10 ne da 14, ƙarami 8 da 10, zurfi ya ɗan haura inci biyu. Ki je wurin masu ƙera gwangwanin burodi su buga miki na baƙin ƙarfe mai ɗan nauyi. Kada ki yarda da langa-langar kwanon rufi ko wani abu mai fenti, in ya ji wuta abin da yake fitarwa ba na ci ba ne. In an kawo, ki wanke, ki shafe shi da man gyaɗa sama-sama, ki ɗora a wuta har ya daina hayaƙi, ki maimaita har ya yi baƙi yana sheƙi. Daga nan ya rabu da soson ƙarfe, gogewa kawai za ki riƙa yi da tsumma da ɗan mai.

Kwaɓin babban tire: fulawar burodi giram 300, ruwa mai ɗumi giram 220, yis ƙaramin cokali ɗaya, gishiri ƙaramin cokali ɗaya. Za ki ga ya yi ruwa-ruwa yana kama hannu, hannunki zai kai ga kwanon fulawa. Ki riƙe shi. Ruwan nan shi ke sa cikin ya yi ƙofofi ya yi sakayau, in kika ƙara fulawa tubali za ki gasa. Ki haɗa, ki bar shi minti goma, ki murza har ya yi santsi, ki rufe. A nan yakan ɗauki awa biyu kafin ya ninka, a zafin Kano kuwa ki riƙa leƙawa tun kafin awa guda. Sai ki zuba mai babban cokali biyu a tire, ki juye kwaɓin, ki riƙa dannawa da yatsu zuwa gefe. Zai riƙa janyewa yana dawowa tsakiya. Kada ki yi kokawa da shi, ki rufe ki ba shi rabin awa, in kin dawo da kansa zai miƙe har kusurwa.

Cuku ne inda kuɗin yake, kuma nan ne ba a yin wayo. Nasu ana kawo shi daga jihar Wisconsin, sunansa brick, mai maiƙo ne sosai, maiƙon ne ke gangarawa ya soya gefen. Ku ba za ku same shi ba. Ki haɗa mozarela da cheda rabi da rabi daga manyan kantuna, wajen giram 340 ga babban tire. Cukun Agadas da warar Fulani duk ba sa narkewa, kada ki yi asararsu. Ki yanka ƙanana-ƙanana masu kusurwa huɗu maimakon gogawa, ki watsa ko'ina, ki tabbata ya taɓa ƙarfen tire ta kowane gefe. A nan wannan pizar ta rabu da zagayayyar da kika sani: ba a barin baki fili. Ni har ƙara tura shi nake yi da yatsa cikin kusurwoyin.

Hajiya, na san abin da ke ranki tun da aka fara karanta wannan. A'a, babu alade. Gaskiya ne su mutanen gari suna sa wani busasshen nama mai yaji da suke kira pepperoni, wanda galibi da naman alade ake yinsa, amma a Hamtramck da Dearborn ana sayar da na sa zalla, yankan Musulmi. Yau ma ko shi ban sa ba. Cinyar ragon layya na yanka fale-fale, na gasa ta rabin gashi da gishiri da tafarnuwa, na shimfiɗa a kan kwaɓin kafin cuku, don al'adarsu nama ƙarƙashin cuku yake shiga. Ɗanye ba zai nuna a ɗan lokacin gashin ba, kuma zai tsatso ruwa ya jiƙa kwaɓin. Yajin ƙuli kuwa sai an sauke ake barbaɗawa, in ya shiga wuta ɗaci yake yi.

Miyar tumatir ita ce ta ƙarshe, a sama. Ki markaɗa tumatir ki dafa da tafarnuwa da gishiri da ɗan sukari da ganyen ɗoɗɗoya, har ruwan ya ƙone ta tsaya a cokali. Ni na jefa attaruhu biyu, dattijon ya ɗanɗana ya yi tari ya nemi ruwa, sannan ya miƙo faranti a ƙara masa. Ba a shafe fuskar da ita. Layi uku ake ja da ludayi daga wannan kai zuwa wancan, cuku na leƙowa a tsakani.

Saura wuta, kuma a nan nake so ki nutsu. Obin zafinsa ta ko'ina yake zuwa, gawayi kuwa ta ƙasa kawai yake duka. In kika ɗora tire kai tsaye bisa garwashi, gindi zai zama gawayi cuku bai ko fara narkewa ba. Abin da ake yi, a raba garwashin biyu, a ture rabi dama rabi hagu, a bar tsakiya babu komai. A kan wayar gashi a tsakiyar nan a ajiye jan bulo biyu na ƙasa su yi zafi tare da murhun, a ɗora tire a kansu, a rufe. Murfi dole ne, shi ke juyo da zafin ya sauka a kan cuku. Rabin duro irin na masu gasa kaji, mai murfi da 'yar ƙofar iska, ya wadatar. In babu, ki kifa babban faranti na ƙarfe a kan tiren yadda ba zai taɓa cukun ba, ki zuba garwashi a bayansa. Ana neman zafin da ya kai digiri 250 zuwa 260 a ma'aunin Celsius. In ba ki da ma'auni, ki miƙa tafin hannu sama da wayar ta ɓangaren garwashi: in kin iya ƙirga uku ba ki janye ba, wutar ba ta kai ba.

Minti 12 zuwa 15 take ɗauka, wani lokaci ta ɗan haura in iska na kaɗawa. A tsakiyar lokacin ki buɗe sau ɗaya ki juya tiren, gaba ya koma baya, ki rufe da sauri. Kunne ma yana aiki: za ki ji man yana tsuwa a ƙasa, alamar gindin soyuwa yake yi. In gefe ya yi ja har ya doshi baƙi, cuku na tafasa a tsakiya, ki sauke. Nan take ki bi gefen da siririyar wuƙa ki zagaye, ki ɗago ta ɗungurungum ki ɗora a kan waya. In ta huce a cikin tire gumi take yi, duk ƙarshin ya tafi. Bayan minti biyar ki yanka takwas.

In da niyyar sayarwa kike tambaya, shawarata ki buga ƙananan tireloli. Cukun da zai ci kaɗan ne, yanka huɗu ne kuma kowanne kusurwa, sannan ki riƙa karɓar oda kafin ki sayo cuku, tunda wutar lantarkinmu ba abar da za a bar wa amanar firji ba ce. Ki fara gwadawa a kan 'ya'yan Yaya, su ba sa ɓoye gaskiya. Kuɗin tire da na cukun gwaji yana cikin saƙon da na tura wa Yaya shekaranjiya, ban da goron Sallar yara.

Hajiya, ke kuma na san za ki gutsura ki ce da daɗi don kada in ji babu daɗi, sannan ki ce a miƙo miki tuwonki. Ba komai. A ba ki na kusurwa dai.

A gaida Kawu da Gwaggo, da Malam na masallacin ƙofar gida, da duk wanda ya tambaye ni. Maman yara tana gaishe ki ƙwarai, ta ce kukarta da daddawarta sun kusa ƙarewa, yajin ƙulin ma yau na kakkaɓe ƙarshensa. In an sami mai tahowa bayan dawowar alhazai a haɗo mana. Amma don Allah kada a sako kilishi ko dambun nama a ciki, ko da na layyarki ne. Dokarsu ta hana shigo da nama, a filin jirgi ake karɓewa, har tara suna iya cin wanda ya ɗauko bai faɗa ba.

Wassalam.

Ɗanki,
Baban mai sunan Baba