Edita, wa zai rubuto mana labarin Yusef Lateef da Hausa?

Assalamu alaikum Edita, ina yi muku fatan alheri. Don Allah a ɗan ba ni fili in yi ƙorafi kan abin da na san wasu za su ce ba shi ne ya dame mu ba yanzu ana fama da tsadar masara, wato littattafai a kan kiɗan jaz.

Da ka ce jaz sai a ce ai kiɗan turawa ne na otal, alhali baƙaƙen fatar Amurka ne suka ƙirƙiro shi a New Orleans wajen farkon shekarun 1900, jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka. Marubucin Amurka Amiri Baraka ya yi littafi guda a 1963, Blues People, yana bin sawun yadda waƙoƙin bayi a gonakin auduga da na coci suka rikiɗe suka zama salon kiɗan bulus (blues), daga nan jaz. Turancinsa akwai nauyi gaskiya, sai kana karantawa kana komawa baya, amma fa ya iya hujja.

Wanda ya sa na ɗauko alƙalami dai shi ne makaɗin jaz Yusef Lateef. An haife shi 1920, ya tashi a birnin Detroit na Amurka, ya musulunta wajen 1950, gwani ne a busa sakso (wani abin busa na turawa) da sarewa, kuma wannan bawan Allah ya tattaro ya taho Zariya ya zauna daga 1981 zuwa 1985 yana bincike a Jami'ar Ahmadu Bello, a cibiyar nazarin al'adun Najeriya, ba yawon buɗe ido ya zo ba, zama ya yi yana nazarin sarewar Fulani makiyaya, mutumin da duniya ta riga ta san shi amma ya koma ɗalibi a gaban masu busar da mu muke wucewa ko kallo ba su ishe mu ba. Shi da wani masani ɗan Najeriya, Ziky Kofoworola, suka fitar da littafin Hausa Performing Arts and Music a 1987. Ya kuma yi faifai mai suna In Nigeria. Daga baya ya rubuta tarihin rayuwarsa, The Gentle Giant, a 2006, ya rasu 2013 yana da shekara 93.

To Edita tsakani da Allah, cikin samarinmu masu sitidiyo a Kano da Kaduna da Jos mutum nawa ne suka taɓa jin sunansa? Ba laifinsu ba ne fa. Ka shiga shagon littattafai, daga na jarabawa sai na soyayya sai na addini, idan ka tambayi na jaz mai shago kallon mahaukaci zai yi maka, a intanet kuma kuɗin da dala ne ga kuɗin kawowa. Kuma duk da turanci suke.

Ba Lateef kaɗai ba ne ma cikin makaɗan jaz da ke da alaƙa da mu. Art Blakey mai ganga da Ahmad Jamal mai fiyano duk sun musulunta, Louis Armstrong mai busa ƙaho kuwa ya zo Najeriya a 1960, har akwai hotonsa da Sardauna suna dariya.

Roƙona shi ne ku ware ko rabin shafi ne a wata, ku nemo malami ɗaya daga sashen Hausa ko na wasan kwaikwayo ya riƙa karanta irin waɗannan littattafai yana warware mana su da Hausar kan titi, ba ta digiri ba. A fara da zaman Lateef a Zariya tunda na tabbata akwai dattawa a Samaru da suka yi aiki da shi kuma suna raye, a aika ɗan jarida da rikoda ya same su yanzu-yanzu, don su ma shekaru sun ja.

Naku,
Mai karatunku daga Samaru, Zariya