Sanarwa: zaman Asabar kan hasashen kalma

Assalamu alaikum ƴan uwa. Masu son mu gina manhajar da za ta riƙa hasashen kalma ta gaba in ana rubuta Hausa a waya, mu haɗu ranar Asabar bayan La'asar a Agege, inda muka saba.

Da wata manhaja mai suna KenLM za mu fara. Kyauta ce, kowa na iya buɗe cikinta ya gyara. Aikinta ƙirga kalmomin da suka saba bin juna, kamar yadda "ina" ke jawo "kwana". Ko tsohuwar kwamfuta tana ɗaukarta. GPT-2, wata manhajar hasashen kalma da kamfanin OpenAI ya saki a 2019, ta fi ta ƙarfi, amma da Turanci aka horar da ita.

Abin da ya fi damuna rubutun da za mu ciyar da KenLM. Don Allah kowa ya kawo nasa mai ƙ, ɗ da ɓ daidai, kada ta ɗauki "ƙasa" a matsayin "kasa". Ku taho da caja.