Ɗaliban Indonesiya a Alƙahira da tukunyarsu: kira ga iyayen da ke turo yara karatu waje

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da sauran ma'aikatan wannan jarida tamu mai farin jini. Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana a kan wani abu da ƙila wasu za su ga kamar bai kai a kawo shi jarida ba, wato girki, girkin ma na maza ɗalibai da ke zaune a ƙasar mutane. Ni ɗalibi ne a Azhar a nan Alƙahira, kuma maƙwabtaka da 'yan Indonesiya a unguwar Hayyul Ashir ta Madinat Nasr ita ta sa na kasa yin shiru.

Duk wanda ya san Alƙahira ya san ɗaliban Indonesiya dubbai ne a nan, kuma ba yau suka fara zuwa ba, tun zamanin da a masallacin Azhar akwai ruwaƙin mutanen Jawa, wato masaukin ɗalibansu, kamar yadda akwai na Barnawa. Suna kiran kansu Masisir, suna da babbar ƙungiyarsu ta ɗalibai, sannan kusan kowane yanki na ƙasarsu yana da gidan ƙungiyarsa, 'yan Aceh daban, 'yan Minang daban, 'yan Jawa ta Gabas daban, don ƙasa ce mai tsibirai sama da 17,000 da mutane sama da miliyan 270. Amma ni abin da ya tsaya min a rai shi ne kicin ɗinsu. Ka shiga falat ɗin da samari shida ko takwas ke haya, za ka ga takarda manne a jikin firji an rubuta ranar girkin kowa, wane Litinin wane Talata, kuma ba wai dafa taliya da manja ba fa, abincin gidansu sosai, irin wanda iyayensu mata ke yi a can, kuma ba wanda ke jin kunya ko ganin an rage masa daraja don ya ɗaura zani irin nasu da suke kira sarung ya zauna yana ɓare tafarnuwa, wanda ya haddace Alƙur'ani ma in ranarsa ta zo shi zai shiga.

Kuma fa kayan da suka saba da su rabinsu babu a Masar. A nan ne hikimar take. Akwai wani baƙin romo mai zaƙi da suke kira kecap manis, na waken suya ne da jan sukari irin na ƙasarsu, kusan ba sa soya shinkafa ba da shi ba, to in ya ƙare kuma ba matafiyi a hanya sai su sayi romon waken suya na kanti su haɗa da asal aswad, baƙar zumar rake ta Misirawa, su ɗora a wuta har ya yi kauri. Madarar kwakwa da suke kira santan, wacce a garinsu ɗanyar kwakwa ake gogawa a tatsa, a nan busasshen garin kwakwa na masu kayan kek suke jiƙawa da ruwan ɗumi su markaɗa su tace. Akwai wata ƙwaya mai maiƙo, kemiri, da ke sa miyarsu kauri, in babu sai kashu ko almon. Lengkuas kuma, ɗan'uwan citta ne amma ƙamshinsu daban, busasshensa suke samu wajen masu kayan ƙamshi da sunan khulanjan su jiƙa. Tsamiya dai ba matsala, tamar hindi ko'ina akwai, da ita suke wata miyar ganye mai tsami, sayur asem. Abin da ba shi da madadi kam sai an kawo daga gida, kamar ganyen salam da ganyen wani lemun tsami na musamman da terasi, don haka duk ɗalibin da zai je hutu sai ya sanar a guruf ɗinsu na WhatsApp cewa yana da sauran kilo a jakarsa, masu so su biya ya taho musu da kaya, har ya zama wata 'yar sana'a a tsakaninsu.

Terasi ɗin nan shi ne daddawarsu. Ƙananan jatan lande ake niƙawa da gishiri a bar shi ya ruɓa a shanya, in suka gasa shi a kan wuta duk benen sai ya sani, Misirawa maƙwabta har ƙorafi suke yi, amma in babu shi a sambal to a wurinsu ba a yi komai ba. Sambal kuma yaji ne ɗanye ko soyayye, barkono da albasa da tafarnuwa da tumatir da gishiri da ɗan sukari, kuma ba a bilenda suke so ba sai a wani faffaɗan dutsen niƙa mai kama da faranti, cobek. Malam Edita dutse ne fa na gaske mai nauyi, amma akwai wanda ya rage tufafinsa ya sako shi a akwati tun daga Surabaya saboda ya ce yajin inji ruwa yake yi ba ya kama shinkafa.

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne tempe. Awara dai mun sani, su tahu suke ce mata kuma abu ɗaya ne da tamu, to tempe shi ma daga waken suya yake amma ba a niƙa waken. Wani maƙwabcina ɗan Jawa ta Gabas yana yi yana sayar wa 'yan'uwansu da gidajen abincinsu na unguwa, na zauna na ga yadda yake yi. Zai jiƙa waken ya kwana, ya tafasa, sannan ya zuba a babban baho ya dinga murzawa da hannu har ɓawon ya fita ƙwayar ta rabe biyu, ɓawon na tasowa sama yana kwashewa, wannan shi ne aikin da ya fi cin rai. Sai ya sake dafawa ya tsane ya baza a kan tsumma mai tsabta a gaban fanka har ya huce ya bushe sarai, don in da sauran danshi lalacewa zai yi. Daga nan ya barbaɗa wani farin gari kaɗan, ragi, wanda shi ne irin naman gwarin da ke yin aikin, ya cakuɗa, ya ɗura a ƙananan ledoji ya daddanne su yi faɗi, ya ɗauki tsinken sakace ya huhhuda ledar ko'ina don iska ta shiga. A garinsu ganyen ayaba ake naɗewa da shi, a nan leda ce ta samu. Bayan kamar kwana biyu sai ka ga wani farin abu kamar auduga ya lulluɓe waken ya haɗe shi ya zama dunƙule ɗaya mai tauri da za ka yanka da wuƙa, ka taɓa ledar ka ji ta da ɗumi kamar mai rai. Wahalar ita ce yanayin Masar ba irin na Jawa ba ne, tempe yana son ɗumi daidai misalin digiri 30, to a sanyin Janairu sai ya lulluɓe ledojin da bargonsa na kwana ya sa a cikin kwaba, a zafin Yuli kuma sai ya baza su a kan ragar waya ya kunna fanka yana tashi cikin dare yana dubawa kar su yi zafi su baƙe. Na ce masa Mas, haka suke kiran babban wa, duk wannan wahalar a kan wake? Ya ce min akhi nama a nan tsada gare shi, wannan shi ne namanmu, kuma in na ci shi da shinkafa da sambal sai in ji zan iya zama in yi muraja'a har asuba.

Su kuwa 'yan Minang na Sumatra ta Yamma abin alfaharinsu rendang ne, naman sa da ake dafawa a madarar kwakwa da barkono da citta da kurkur da lemon giras a kan wuta kaɗan ana juyawa awa huɗu ko fiye har ruwan ya ƙone man kwakwar ya fito naman ya yi duhu ya bushe. Saboda bushewar nan yana daɗewa bai lalace ba, shi ya sa tun asali guzurin matafiya ne, don mutanen Minang al'adarsu ce saurayi ya bar gida ya tafi neman ilimi ko kasuwanci, har a 2018 da aka yi girgizar ƙasa a Lombok da Palu can ƙasarsu rendang aka tattara daga Sumatra ta Yamma aka aika wa waɗanda abin ya shafa. A nan sai da Babbar Sallah suke yin sa sosai lokacin da naman layya ya samu. Da Ƙaramar Sallah kuma opor suke yi, kaza a farar miyar kwakwa, a can gida da ketupat ake ci, shinkafar da ake dafawa cikin saƙaƙƙen ganyen kwakwa, to ina ganyen kwakwa a Alƙahira, sai su zuba shinkafa a leda mai jure zafi su ɗaure su dafa ta daɗe har ta dunƙule su yayyanka. Ba daidai yake da na gida ba su ma sun sani, amma ranar Sallah ba wanda ke zama shi kaɗai da burodi.

Gwamnatinsu ma ba ta raina abin ba. A 2018 ma'aikatar yawon buɗe idonsu ta ware abinci biyar a matsayin na ƙasa, rendang da soto (farfesunsu) da sate (tsirensu) da nasi goreng (soyayyar shinkafa) da gado-gado (kwaɗon ganye da gyaɗa), a 2021 kuma suka ƙaddamar da wani shiri na tallata kayan ƙamshinsu da ƙara yawan gidajen abincin Indonesiya a ƙasashen waje. Indomie ɗin nan da yaranmu ke ci safe da yamma ma ai asalinta tasu ce, ta kamfanin Indofood, ko da yake a Najeriya ake yin tamu. Amma su da suka ƙirƙiro ta ba su mai da ita abincin kullum ba, ta ƙarshen wata ce ko ta daren jarrabawa.

To yanzu in dawo kanmu, wanda shi ne dalilin wasiƙar. Wallahi Malam Edita abin yana damuna. Yaro ya taso a Kano ko Zariya ko Damagaram bai taɓa ɗora tukunya ba saboda an ce kicin na mata ne, in ya leƙa ma a kore shi a ce zai zama ɗan daudu, sai a wayi gari an sa shi a jirgi yana ɗan shekara sha takwas, ya zo nan ya koma ful da ta'amiyya, wato dafaffen wake da ƙosan Misirawa, da burodi da Indomie, wata da watanni, ga kuɗin Masar ya faɗi a Maris na 2024 komai ya yi tsada, ga naira ita ma ta faɗi abin da ake turowa daga gida ba ya kai wa ko'ina, sayen abinci a waje kullum ba zai yiwu ba. Na ga yara sun rame, na ga masu fama da ciwon ciki, na ga wanda kewar gida ta hana shi karatu, kuma ni a ganina yunwa da rashin ɗanɗanon abin da baki ya saba da shi suna da hannu a ciki sosai. Akwai 'yan'uwanmu da suka iya girki kuma suna ƙoƙari Allah ya saka musu, ɗalibai mata ma ba a magana, amma mafi yawan samarinmu ba haka ba ne.

Abin takaicin kuma mu namu ya fi na 'yan Indonesiya sauƙi nesa ba kusa ba. Shinkafar Masar gajera ce mai danƙo, tuwon shinkafa da ita ba a cewa komai. Mulukhiyya da Misirawa ke ci kullum ai lalo ce. Kuɓewa ɗanya tana kasuwa, busasshiya kuma 'yan Sudan na sayarwa a shagunansu da sunan weka. Karkade zoɓo ne, simid, wato garin semo, yana tuwo, gyaɗa da tsamiya da citta da kanumfari duk akwai, wake ma akwai wanda zai yi alale da ƙosai. Abin da kawai sai an taho da shi daga gida kuka da daddawa da yajin ƙuli da kanwa, kuma duka busassu ne marasa nauyi, ba sai an ɗauko dutse ba. Ilimin ne babu, yaron bai san ana tsiyaya ruwan kanwa ba, bai san yaushe ake yin rude ba balle tuƙi.

Don haka ina roƙon iyayenmu mata, don girman Allah in an samu admishan ana jiran biza, watannin nan da yaro ke zaune a gida a jawo shi kicin. A koya masa tuwo da miya biyu ko uku, da dafa-duka, da wake da shinkafa, da kunun gyaɗa, ya yi da hannunsa a gabanku ba kallo kawai ba. Iyaye maza kuma ku daina hanawa, Manzon Allah SAW ma yana taya iyalinsa aikin gida kamar yadda Nana A'isha ta faɗa a hadisin Bukhari. Shugabannin ƙungiyoyin ɗalibanmu na nan su ma su duba tsarin takardar jikin firji da na sayar da kilo, ba wani kuɗi ake buƙata ba a fara.

Kai kuma Malam Edita, shafinku na girke-girke kullum da uwargida yake magana. Ina roƙo ko sau ɗaya a wata a ware shi don 'yan waje, a nemi Hausawan da ke Masar da Saudiyya da Sudan da Malesiya da Turkiyya da Ingila su rubuto yadda suke tuwo da miya da abin da ke kasuwar garinsu, me suke sawa a madadin me, a rubuta awo dalla-dalla yadda wanda bai taɓa riƙe muciya ba zai gane. In kun amince ni zan fara turo na Alƙahira, har da yadda ake tempe ga mai son gwadawa tunda waken suya ba ya wuya a Arewa, maƙwabcin nawa ya ce zai ba da ragi.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Ɗalibi daga Hayyul Ashir, Alƙahira, Masar.