Rabin jirgin na marayu ne, amma na kasa rabuwa da shi

Assalamu alaikum Malam,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina rubuto maka ne daga Legas, inda nake aiki da wani kamfanin fiton kaya a Apapa, a kan wata damuwa da ta hana ni sukuni tun da Allah Ya yi wa aminina kuma abokin aikina rasuwa wata 7 da suka wuce.

Ni mutumin Zariya ne, shi kuwa ɗan Yawuri ne da ya tashi a bakin Kogin Kwara, kuma a lokacin da ko iyo ban iya ba, shi ya fara kai ni kulob ɗin masu jiragen ruwa na Legas, wanda aka kafa tun 1932. Daga baya muka haɗa kuɗi rabi da rabi muka sayi wani tsohon ƙaramin jirgi marar inji, irin wanda ake ɗaga wa ƙyalle iska ta tura shi. Shekara 9 muka yi kusan kowace Asabar muna kan ruwa, shi yana riƙe da akala ni ina jan igiya, muna kauce wa manyan jiragen da ke shiga Apapa har mu isa gaɓar Tarkwa Bay mu yi sallar La'asar. A ofis ba mu cika doguwar magana ba. Amma da hunturu, idan iska ta ɗauke muka tsaya cak a tsakiyar ruwa, a nan yake buɗe mini cikinsa a kan bashi da karatun 'ya'yansa, har da ciwon da ya ɓoye wa iyalinsa, wanda shi ne ya zama ajalinsa.

Yanzu jirgin yana ajiye a tudu ina biyan kuɗin ajiyarsa. Sau biyu na je da niyyar saka shi a ruwa, amma da na ga ƙullin igiyar da ya yi da hannunsa sai na juyo gida.

Na san rabin jirgin gado ne. Matarsa ta fita takaba, kuma yayansa ya ce a sayar a haɗa kuɗin da sauran dukiya a raba, ita ta karɓi tumuninta, yara su sami nasu. Gaskiyarsa ce, ban musa ba. Abin da raina yake so shi ne in sayi rabon nasu, sai dai ina tsoron kada in yi wa kaina ciniki in ci haƙƙin marayu ban sani ba, domin tsohon jirgi irin wannan ba shi da tsayayyen farashi, masu nemansa kuma ba su da yawa. Maiɗakina tana ganin wahalar da kaina kawai nake yi, gara in sayar in sa nawa rabon a haƙa rijiya a Yawuri ladan ya kai masa, maganar da na kasa samun abin da zan ture ta da shi.

Abin da ya ƙara dagula mini lissafi shi ne babban ɗansa, mai shekara 15, wanda ya kira ni ya ce, "Baba, Abba ya yi mini alkawarin zai koya mini tuƙa jirgin bana." Mahaifiyarsa kuwa ta ce rashi ɗaya ya ishe ta, ba ta yarda ya kusanci ruwa ba, ko da rigar kariya ce a jikinsa.

Malam, wa ya kamata ya yi wa jirgin nan kuɗi yadda zan fita haƙƙin magada? Shin ya dace in sake tuntuɓar mahaifiyar yaron ta hannun yayan marigayin, ko kuwa in ba shi haƙuri in bar maganar? Har yau ban ba yaron amsa ba, ga shi an kusa ba su hutun makaranta.

Wassalam,
Mai sauraronka daga Apapa, Legas